Ƙorafi Kan Ihun da Ake Kunna wa Baƙi a Zauren 'Yan Wasa

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Hukumar Kula da Filayen Wasanni,
Babban Ofishin Hukuma.

Ta hannun:
Sakataren Hukuma.

Daga:
Jagorar baƙi da aka dakatar,
Sashen Zagayawa da Baƙi, Tsohon Filin Ƙwallo,
Gida na uku, Rukunin Gidajen Ma'aikata.

Kwanan wata: Litinin, 24 ga Maris.

Game da: Sautin da ake kunna wa masu ziyara a zauren 'yan wasa, da dakatar da ni daga aiki, da umarnin tashin mahaifiyata daga gidan hukuma.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwar girmamawa, ina sanar da kai cewa ranar Asabar 8 ga Maris shugaban sashenmu ya umarce ni, a gaban baƙi, in danna maɓallin da ke jikin bangon zauren 'yan wasa. Na ƙi. Ya maimaita umarnin, na sake ƙi. Ranar Litinin 10 ga wata aka miƙo mini takardar dakatarwa bisa laifin taurin kai da kunyata hukuma, tare da sanarwar cewa ni da mahaifiyata da ƙanwata mu bar gidan ma'aikata kafin ƙarshen Afrilu, tunda gidan yana hannunmu ne muddin wani daga cikinmu yana yi wa hukuma aiki.

Ban rubuto don in musanta cewa na ƙi ba, kuma ban rubuto neman afuwa ba. Na rubuto ne domin rahoton da ya iso teburinka ya faɗi abin da na ƙi yi, bai faɗi abin da maɓallin ke kunnawa ba. Ina roƙon ka haƙura ka karanta waɗannan batutuwa bi da bi.

1. Yadda ake zagayawa da baƙi.

Kamar yadda mai girma ya sani, tun da aka gina sabon fili a bayan gari manyan wasanni suka koma can, tsohon kuma aka gyara shi ya zama wurin ziyara. Mukan fara da ɗakin kofuna, mu wuce ɗakin canza kaya inda rigunan tsofaffin 'yan wasa ke rataye, kowa ya zauna a bencin da yake so a ɗauke shi hoto. Daga nan sai zaure, wato dogon lungun nan mai duhu da ya bi ta ƙarƙashin mazaunin gabas ya ɓulla kan ciyawa. A nan ake jera baƙi sahu biyu kamar 'yan wasa, a rage fitila, jagora ya danna maɓalli, ihun dubban mutane ya cika zauren har a ji shi a ƙirji, baƙi su ruga da gudu su fita fili suna ɗaga hannu. Wannan shi ne ɓangaren da aka fi so a ziyarar, shi ne kuma ake tallatawa.

Bayanin da aka ba mu mu haddace ya ce wannan ihun ranar wasan ƙarshe ne, lokacin da ɗan wasan nan Guguwa ya jefa ƙwallon da ta kawo kofi. Ya kuma ce mu ja hankalin baƙi su saurari gangunan magoya baya da ke tashi a ƙarƙashin ihun.

2. Abin da sautin yake a gaskiya.

Ranka ya daɗe, wannan ba ihun ranar kofi ba ne. Sautin ranar turmutsutsun ƙofar gabas ne.

Marigayi mahaifina shi ne mai sanarwa na wannan fili a wancan zamani. Ran da abin ya faru mahaifiyata tana asibiti za ta haifi ƙanwata, babu wanda za a bar ni wurinsa, sai ya tafi da ni ɗakin sanarwa ya zaunar da ni a kan kwali kusa da ƙafarsa. Ina da shekara bakwai. Ana cikin zagaye na biyu aka kece da ruwa da ƙanƙara. Mutanen mazaunin gabas, wanda ba shi da rufi, suka kwararo kan matakala suna neman mafaka, ƙofar ƙasa kuwa an ɗaure ta da sarƙa saboda marasa tikiti. Na baya ba su san na gaba sun tsaya ba. Adadin waɗanda suka rasu hukuma ta fi ni saninsa.

Ban ga komai ba, domin tagar ta fi ƙarfin tsayina. Ji kawai na yi. Shi ya sa ranar farko da aka kunna mana sautin a lokacin horo, cikin watan Yulin bara, kafin ya yi nisa na tsinci kaina a waje ina amai a gindin bango.

Ba na so a ɗauki maganata a kan tunanin yarinya, don haka ga abin da duk mai kunne zai iya tantancewa. Ihun cin ƙwallo yakan tashi gaba ɗaya, ya yi sama, ya sauko, ya rikiɗe ya zama waƙa da tafi. Wannan ba ya saukowa. Babu waƙa a cikinsa, babu tafi ko na mutum ɗaya, domin wanda hannuwansa ke matse a ƙirjinsa ba ya tafi. Ana jin usur ɗin alƙalin wasa yana busawa babu tsayawa, alhali babu alƙalin da ke yin haka don an ci ƙwallo. Abin da aka ce mu kira ganguna kuwa, ba ganguna ba ne. Ƙofar ƙarfe ce ake duka da hannu da ƙafa.

Kusa da ƙarshe akwai ƙwanƙwasa biyu, sannan muryar namiji ta ce “Jama'a,” sai aka yanke. Mahaifina ne. Haka yake buga makirufo da yatsa sau biyu kafin kowace sanarwa. Abin da aka yanke ina riƙe da shi a kaina har yau: roƙo yake yi a kawo makulli, yana haɗa na sama da Allah su koma da baya. Ya yi ta roƙo har muryarsa ta dushe.

Bai ƙara riƙe makirufo ba, aka mai da shi ɗakin ajiya har ya rasu. A gida, da zarar hadari ya haɗu sai ya tashi ya wangale ƙofar ɗaki da ta waje, ya tsaya a tsakani. Ruwa ya shigo ya jiƙa mana shimfiɗa, babu mai ikon rufewa. Da wannan muka girma.

Ina kuma tunatar da mai girma cewa bango ɗaya ne tsakanin zauren da waccan matakala. A wurin da abin ya faru ake kunna shi, mutane suna tsalle.

3. Matakan da na bi kafin yau.

A makon da na fara aiki na sanar da shugaban sashe da baki. Ya ce ihu ai ihu ne, wa zai bambanta, kuma ni ce sabuwa, in bari in san hanyar banɗaki tukuna kafin in fara gyara wa hukuma tarihi. Cikin watan Satumba na rubuta masa, ya ce za a duba. Cikin Nuwamba na sake rubutawa, ba a ba ni amsa ba.

Da na ga haka, na nemi injiniyan sauti na kamfanin da ya yi gyaran filin. Bai ɓoye mini komai ba. Ya ce an ba shi kwalin kasakasai daga ɗakin ajiya, danshi ya cinye rubutun jikinsu, aka ce ya zaɓo ihu mafi ƙarfi kuma mafi tsawo. Ya ɗora su a kan na'ura, ya ɗauki wanda layin sautinsa ya fi cika fuskar kwamfuta, ya goge muryar mai sanarwa don kada ta dami baƙi, kalma ɗaya ce ta kuɓuce masa. Ya ce da ido ya zaɓa, bai tsaya saurare ba. Na roƙe shi ya sa abin sauraro a kunne. Bai kai ƙarshe ba ya cire, sannan ya ce yana da wani faifan na ihu na gaskiya, zai zo ya canza kyauta idan aka ba shi izini. Ba na tuhumarsa da mugunta, kuma ina roƙon kada wannan takarda ta jawo masa wata matsala.

Na kai wa shugaban sashe wannan labari ina zaton magana ta ƙare. Ya rufe ƙofar ofis, ya ce idan aka canza an amsa ke nan cewa an yi ta kunna shi a baya, kuma ba a kansa za a fara amsa wannan ba. Ya ce in yi wa kaina faɗa, in tuna a gidan wa nake kwana.

4. Yadda na yi aikina a tsakanin nan.

Tun da na kama aiki ban taɓa danna maɓallin ba. Idan na jera baƙina a zaure, nakan ce musu filin nan ya tsufa, muryarsa ta dushe, sai su ara masa tasu. Su yi ta ihu iya ƙarfinsu, zauren ya amsa musu, yara su fi kowa murna. Babu baƙon da ya taɓa kai ƙarata a kan haka.

Amma sauran jagorori suna dannawa, tun safe har a tashi. Ɗakin hutunmu yana manne da zauren, kujerata tana jikin bangon. A nan nake cin abincin rana. Sai in kai loma baki, bangon ya fara rawa, in ajiye cokali in jira ƙwanƙwasa biyun nan da kalma ɗayan nan, sannan in ci gaba da ci. Ban nemi a canza mini wurin zama ba, ban nemi hutu ba, ban makara ba ko rana ɗaya. Abokan aiki suka sa mini suna Mai Kunnen Aljanu. Idan na shigo sai wani ya ƙwanƙwasa tebur sau biyu, a kwashe da dariya. Dogo, wanda muka yi horo tare, ya ce in tambayar masa aljanun nawa ko sun san wanda zai ci wasan Lahadi. Na shanye duk wannan, kuma ba a kansu nake ƙorafi ba, domin abin da aka ba su suka haddace.

5. Abin da ya faru ranar 15 ga Fabrairu.

A ranar wani dattijo mai ɗingishi ya zo da 'ya'yansa mata biyu, aka sa su a rukunin Dogo. Ina tsaye a bakin zaure ina jiran nawa rukunin. Da aka kunna sautin kowa ya ruga waje, ban da shi. Ya jingina da bango, ya sulale ya zauna a ƙasa, yana jan wuyan rigarsa da hannu biyu kamar wani ya shaƙe shi. Dogo ya ce wa baƙi su duba yadda ƙwallo ke taɓa zuciyar Baba, aka yi masa tafi, har wani ya ɗauke shi hoto.

Ni na kama shi na fitar da shi, na ba shi ruwa. Da numfashinsa ya dawo ya dube ni ya ce, 'yata, wa ya ba ku wannan? Ya ce ƙaninsa yana riƙe da bayan rigarsa a kan waccan matakala, har yau bai san lokacin da ya sake shi ba. Ya ce tun daga lokacin bai ƙara tako filin nan ba sai ranar, kuma yaran ne suka matsa. Ya roƙe ni kada in faɗa musu komai, domin ce musu ya yi a babur ya karye. Ban faɗa ba. Na rubuta abin da ya faru na kai wa shugaban sashe, ya ce a sa kujera a zauren saboda tsofaffi. An sa kujerar, tana nan.

6. Abin da ya faru ranar 8 ga Maris.

An kawo manyan baƙi daga kamfanin da ke shirin ɗaukar nauyin ziyarar, aka ba ni su saboda a cewar shugaban sashe bakina ya fi na sauran gogewa. Ya biyo mu da kansa. Da muka isa zaure na fara roƙon baƙi su ɗaga murya kamar yadda na saba, sai ya katse ni ya ce in danna. Na ce masa, cikin ladabi, ya san dalilina. Ya ce ba dalili ya tambaye ni ba. Na rungume hannuwana. Sai ya miƙa hannu ta kan kafaɗata ya danna.

Baƙin suka yi tafi. Wata mata ta nemi a maimaita don ta ɗauka a waya ta tura wa ɗanta, ya maimaita mata. A karo na biyun ne, da muryar ta ce “Jama'a,” na juya na faɗa musu abin da suke ji, da ranar, da ƙofar, da wanda ya yi maganar. Ban ɗaga murya ba, ban zagi kowa ba, ban yi kuka ba, duk da rahoton ya ce na yi. Matar ta goge abin da ta ɗauka. Wani daga cikinsu ya yi 'yar dariya ya ce ai wannan ma labari ne mai jan baƙi. Sauran suka fita kan ciyawa a hankali, babu wanda ya ɗaga hannu.

Idan wannan ne kunyata hukuma, ina roƙon mai girma ya duba ko daga bakina kunyar ta fito ko daga lasifika.

7. Sharaɗin da aka gindaya mini.

Ranar 17 ga Maris aka aiko mini kawuna, shugaban masu gyaran ciyawa, wanda shi ya tsaya mini na sami aikin. Saƙon shi ne za a janye dakatarwa a bar mana gida idan na sa hannu a takardar ban haƙuri, na amsa cewa kunnena ne ya yaudare ni, na kuma danna maɓallin sau ɗaya a gaban ma'aikata. Kawu ya ce yatsa ɗaya ne fa, ba a ce in yi rawa ba. Ya ce boko ya kumbura mini kai, waɗanda suka mutu sun riga sun huta, uwata ce ba ta huta ba. Ya ce shi ma yana filin a ranar, da hannunsa ya ɗauki mutane, amma ga shi yana yanka ciyawa yana jin abin kullum bai mutu ba. Na tambaye shi ko shi zai iya dannawa. Ya ɗauki hularsa ya fita, tun daga ranar ko gaisuwata ba ya amsawa.

Mahaifiyata tana ɗaki tana jin mu. Ba ta ce in danna ba, ba ta ce kada in danna ba. Washegari na tarar ta sauke kwanukan da ke kan kabad tana naɗe su da tsofaffin zannuwa. Gidanmu yana bayan mazaunin gabas, idan iska ta juyo sautin yana isowa har tsakar gida. Ashe tun bara ta gane muryar mijinta a cikinsa, ta yi shiru don kada ta ɓata mini aiki.

Abin da nake roƙo.

Na farko, mai girma ya zo da kansa, ba wakili ba, ya tsaya a zauren, a rage fitila, a kunna masa sautin daga farko har ƙarshe. Ba na neman wata shaida bayan wannan.

Na biyu, a daina kunna shi nan take, a bai wa injiniyan izinin canzawa.

Na uku, a fito da asalin kaset ɗin daga hannun sashe a adana shi da mutunci, kada a goge, kada a ɓatar. Iyalan mamatan su ne ke da ikon cewa a saurara ko a rufe.

Na huɗu, a janye kalmar kunyata hukuma daga takardar dakatarwa. Taurin kai kuwa a bar shi, ban yi jayayya da shi ba.

Na biyar, a raba maganar gida da maganata. Mahaifiyata ba ta ƙi umarnin kowa ba. A wannan gida aka kawo ta amarya, a nan aka yi wa mijinta wanka, kuma ma'aikacin wannan hukuma ne har ranar da ya cika.

Idan mai girma bai ga dacewar ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, ina so a rubuta a fayil ɗina cewa na san abin da na zaɓa. Na rasa aikin da na yi karatu dominsa, kuma da irin wannan takardar dakatarwa babu wurin ziyarar da zai ɗauke ni. Na rasa kawuna, shi kaɗai ne namijin da ya rage mana. Ƙanwata za ta bar makarantarta a tsakiyar zango, domin inda za mu koma ya yi nisa. Mahaifiyata, da ciwon gwiwarta, za ta ƙarasa tsufanta a ɗaki ɗaya a gidan 'yar'uwarta, kuma ni na jawo mata. Na auna wannan duka, ya yi mini nauyi ƙwarai. Ba zan sa hannu ba, kuma ba zan danna ba.

Ina roƙon Allah ya ƙara wa mai girma lafiya, ya ba shi ikon duba wannan lamari da adalci. Ka huta lafiya.

Taka cikin ladabi da girmamawa,

(sa hannu)
Jagorar baƙi da aka dakatar,
'yar marigayi mai sanarwa na Tsohon Fili.